Injin da ke Ƙarƙashin Tampol

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ɗana Bappa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa garin da za ka zauna ya karɓe ka da alheri, ya raba ka da mugun ji da mugun gani a kan hanya. Za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni alhali ƙofar ɗakinka tana kallon tawa. Sau uku cikin makon nan ina kiranka don in faɗa maka wata magana, sau ukun kuma sai in ƙare da tambayarka ko ka ci abinci. Shi ya sa na ari biron ƙanwarka. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna da ajami ya saba, boko da girmana na koye shi.

Maganar mota ce. Akori-kurar babanka, Allah ya jiƙansa, tana garejin Baba Yohanna a Jimeta, injin da ke cikinta ya fashe, wannan ba mai gardama a kai. Kai kuma ka yi alkawari da manoman ƙauyukan kan dutse, can bayan Hong, za ka kama ɗaki a wurinsu ka riƙa sauko musu da amfanin gona da zarar kaka ta yi. Abin da ka tara abu ɗaya kawai zai iya yi: ko a gyara tsohon injin babanka da ke tsakar gidan nan ƙarƙashin tampol, ko a sayo wani na hannu, irin wanda ake kira Beljiyam. Idan aka zaɓa ba daidai ba, babu na sakewa, kakar bana ta wuce ka. Wannan ma da sauƙi. Abin da ke hana ni sukuni shi ne hanyar. An samu lafiya, alhamdu lillahi, amma ni da kai mun san har yanzu akwai wuraren da ba a so mota ta mutu wa mutum.

Ka ce na babanka za a gyara, gobe da hantsi za a zo a ɗauke shi. Na lura lokacin da kake faɗa ni kake kallo, ba injin ba. To ina so ka karanta takardar nan kafin masu ɗaukar su iso.

Ni ban san inji ba, Bappa. Da za a ajiye mini ƙarafansa a faifai ba zan iya cewa wannan na sama ne wannan na ƙasa ba. Abin da na sani shi ne kurakuran da na yi a kan motar nan, kuma ba ɗaya ba ne. Su zan lissafa maka, ko Allah zai sa ka tsinci abin da ni na kasa tsinta.

Kana ƙarami lokacin da garuruwan arewacin jihar nan suka watse, mutane suka riƙa shigowa Yola da ƙafa, wasu ko takalmi babu. Babanka ya san hanyoyin daji saboda shekarun da ya yi yana ɗauko hatsi, motar kuma irin mai ja da ƙafa huɗu ce, tana shiga inda wasu ba sa shiga. Sai ya riƙa zuwa yana kwaso waɗanda ƙafarsu ta gaza, yana sauke su a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. A zuwansa na ƙarshe lagireto ya huje, ga mota cike da mata da tsofaffi, inji ya ɗauki zafi, wurin kuma ba na tsayawa ba ne. Matan suka riƙa miƙo ruwan shansu, na buta da na gora, yana zubawa yana ƙara gaba, har Allah ya kawo su. Tun daga ranar motar ta fara hayaƙi. Ya ce zai sauke injin bayan salla, sai ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Da na fita takaba na ba ƙanena, Kawunka Sali, motar ya riƙa ja, mu samu na cefane. Muka kai ta wurin Baba Yohanna, wanda tun kafin a haife ka shi ke duba wa babanka ita. Ya sa kunne ya saurari injin, ya tara hannu a bakin salansa ya shinshina, ya ce, "Maman Bappa, wannan sai an sauke shi ƙasa, an warware shi duka, an auna kowane ƙarfe. Sati uku."

Na ce, "Baba, sati uku me za mu ci?"

Ya ce, "Ban san abin da za ku ci ba. Na dai san abin da injin nan yake so."

A hanyar dawowa Kawunka ya ce, "Adda, tsohon nan so yake ya mayar da motar ɗakin baƙinsa. Akwai wani bakanike a bakin titi, ya ce ringi kawai za a canza, kwana biyu an gama." Na yarda. Ko istihara ban yi ba, don na riga na san amsar da nake so. Hayaƙi ya ɗauke, na yi ta murna, har na ji a raina Baba Yohanna ya so ya cuce mu, Allah ya yafe mini wannan zato. Wata biyu cur, motar ta mutu gaba da Girei da lodin tumatir na wata baiwar Allah, ya kwana biyu a rana. Matar ta zo har unguwarmu ta Adarawo ta same ni. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta dai zauna a tabarma tana kallon hannunta, ta sha ruwa, ta tafi.

Don haka in gyara ne, kada ka yarda da rabin gyara. Duk wanda ya faɗa maka kwanakin da ranka ke so ya ji, ka ƙara tambayarsa me da me zai bari bai taɓa ba. Kuma duk ƙarfen da aka ce an cire, a nuna maka shi a hannu. Ni ban nemi ganin komai ba, kunya ta hana ni, wai kada a ce ina tuhumar mutum.

Daga nan sai na tsani kalmar gyara gaba ɗaya. Na ce a sayo wani. Na saka hijabina muka tafi layin masu sayar da injuna a Jimeta ni da Kawunka. Ga su nan jere a ƙasa, baƙi ƙirin da maiƙo, sai guda ɗaya fes, yana ƙyalli. Mai shagon ya ga inda idona ya tsaya, ya ce, "Hajiya, kin iya zaɓe. Wannan a Turai wata tsohuwa ce take ja, coci kawai take zuwa ta dawo."

Kawunka ya matso kusa da ni ya ce, "Adda, duk injunan layin nan na tsohuwar nan ne. Ta kai coci ɗari."

Na yi dariya, amma shi ɗin na saya. Na zaɓe shi yadda nake zaɓen tukunya a kasuwa, wadda ta fi tsabta. Ban ce a tayar da shi in ji ba, ban ma san ana tayar da inji a ƙasa ba tare da mota ba. Da aka kai wa Baba Yohanna, ya zagaya shi sau biyu, ya ce, "An yi masa wanka ne don kada ki ga inda yake yoyo." Da aka zo ɗorawa kuma bai zauna daidai ba, sai da aka kira mai walda ya ƙara masa ƙafa. Ya yi ta shan baƙin mai, a hawan dutse kuwa sai ya riƙa nishi har fasinja su sauka su taka.

To amma ga inda kaina yake ɗaurewa. Injin nan da na saya da jahilci shi ya ciyar da mu duk shekarun nan, shi ya kai ku makaranta, sai bana ya fashe. In ce kuskure ne? In ce ba kuskure ba ne? Wallahi ban sani ba. Wataƙila Allah ne ya rufa wa marayu asiri, ba wayona ba, kuma ba a gina shawara a kan cewa za a sake samun irin wannan rufin asiri. Abin da zan iya faɗa shi ne, in saye ne, kada ka je kai kaɗai, ka ɗauki Baba Yohanna ko da zai bar aikinsa na yini. Ku je da sassafe, injin yana sanyi, a tayar da shi a gabanku, ku ga kalar hayaƙinsa. Ya auna ya tabbata zai zauna a motar ba sai an yi ƙari ba. Ku yi magana a fili kwana nawa ne za a iya mayarwa in ya ƙi. Dattin jiki kuma kada ya kore ka.

Na uku shi ne wanda har yau in na tuna sai na yi istigfari. Ashe kowane inji yana da lamba a jikinsa, kuma lambar tana rubuce a takardun mota. Ni takardun nan a ƙasan akwati nake ajiye kwafinsu tare da na gida, ban taɓa karantawa ba. Mun canza inji, ba mu canza takarda ba. A lokacin kuwa ana sace motoci irin tamu ana kai wa mutanen daji mai da abinci. Ran nan aka tsayar da Kawunka a wani shingen bincike, aka buɗe gaban mota, lamba ta ƙi haɗuwa da takarda. Suka riƙe shi. Ba zan ce sun zalunce shi ba, aikinsu suka yi, ni ce na tura shi da takardar da ke ƙaryata shi.

Kwana huɗu. Ku an ce muku ya yi tafiya ne. Na kai rasit ɗin mai shago, aka ce rasit kowa ma yana iya rubutawa, ina injin da takarda ta ambata? A rana ta huɗu na ɗauki hayar wata mota, maza shida suka ɗora tsohon injin babanka a baya, na hau na zauna kusa da shi ina riƙe da igiya, muka ƙetare gada. Babban jami'an da ke tsare da Kawunka ya fito ya dube ni ya dubi injin, ya ce, "Mama, mutane takarda suke kawo mana, ke kin kawo inji." Ya sa aka goge wurin da tsumma da fetur, lamba ta fito, ya karanta ta ɗaya bayan ɗaya yana duba takarda. Aka fito da Kawunka.

A mota ya ce mini, "Adda, da kin ƙara kwana biyu, na fara sabawa da wakensu." Yana faɗa yana dariya. Ka san tun daga nan bai ƙara jan mota ta fita gari ba, sai muka riƙa ba wasu direbobi har ka girma ka karɓa. In ka ga yana zaune a rumfarsa yana auna gero yana tsokanar mutane, ka tuna ni na zaunar da shi.

Saboda haka, ko wanne ka ɗora, kada taya ta taka titi sai lambar da ke jikin inji ta zama ita ce a takarda. Daga baya mun gyara takardar, yanzu lambar wanda ya fashe ce a ciki, ka ga ko na babanka ka mayar sai an sake gyarawa. Ka karanta da idonka, harafi harafi, yadda ake bitar allo.

Tun ranar da muka dawo da injin nan aka sauke shi gindin katanga, ban bari ya ƙara fita ba. Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi sallama ba adadi, ina cewa ba na sayarwa ba ne. Na saya masa tampol. Kaji suka mayar da bayansa wurin ƙwai. In ina tsintar shinkafa a nan nake zama, kai ma ka sani, kuma na san abin da ya sa ka ce shi za a gyara ke nan.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro.

Watan jiya ka tambaye ni me Baba Yohanna ya taɓa cewa game da injin babanka. Na ce maka ya ce ƙarfen da ne, yanzu ba a yin irinsa. Haka ya faɗa, ban ƙara masa ba. Amma na rage. Cewa ya yi, "Ƙarfen da ne, ba a yin irinsa, in dai bai tsage ba." Na haɗiye ƙarshen. Na gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba. Na yi karatu gwargwado, na san wannan dabara ba za ta tsaya mini ba ranar da za a tambaye ni.

Kuma akwai abu biyu da shi kansa Baba Yohanna bai sani ba.

Na farko, babanka yana kwance, wata rana da la'asar ina ba shi kunu, ya ce mini a tafiyar nan ta ƙarshe akwai inda ruwan buta ya ƙare, ya ɗebo na rafi mai sanyi ya zuba, inji yana tafasa. Ya ce ya ji wata ƙara daga ciki, ƙas, irin ta tukunyar ƙasa in ta tsage a kan wuta. Ya ce, "In an zo buɗewa ki faɗa wa Yohanna." Ban faɗa ba. Da farko mantuwa ce, ta ruɗin rasuwa. Daga baya kuma ba mantuwa ba ce.

Na biyu, daminar da aka yi bikin yayarka, rumfa ta kasa, na cire tampol ɗin aka ƙara inuwa da shi. Hidima ta ɗauke mini hankali, ya yi kwana takwas a buɗe, aka yi ruwa uku masu ƙarfi. Da na tuna na je na girgiza wani bututu a jikinsa, sai ga ruwa ja yana fitowa. Na goge, na shafa masa man gyaɗa a waje, na mayar da tampol, na yi shiru.

To ka ji. Kuma kada ka ɗauka da na faɗa na san amsa. Bayan wannan ƙarar ai injin ya yi watanni yana aiki. Abin da ya tsage yana aiki? Ina da randa mai tsaga kamar gashi, shekara biyu tana riƙe ruwa, wata kuma rana ɗaya ta rabe. Ruwan saman ya kai can ciki ko a baki ya tsaya? Ban sani ba. Shi ma na kasuwar, wa ya san abin da ya gani kafin a yi masa wanka? Aƙalla namu mun san ciwonsa. Da safe sai in ce a gyara, kafin la'asar na koma a sayo. Wani lokaci in ji kamar hankali ne yake ce mini na babanka ya fi, wani lokaci in gane kewa ce kawai ta yafa mayafin hankali. Wannan karon na yi istihara har kwana bakwai. Ban ji zuciyata ta karkata ko'ina ba, sai dai nauyin abin da na ɓoye yana ƙaruwa. Wataƙila amsar ke nan da aka ba ni.

Ga abin da nake roƙonka, ba umarni ba ne, don wadda ta yi kuskure uku a kan mota ɗaya ba ta da bakin umarni. Gobe a ɗauke shi yadda ka shirya. Amma kada ka sayi ko ƙusa ɗaya ta gyara sai an buɗe. Ka karanta wa Baba Yohanna wurin nan na ƙarar da na ruwan sama, ni nauyinsa nake ji, ba zan iya kallonsa in faɗa ba. Zai yi faɗa, ka bar shi ya yi, yana da gaskiya. Ladan buɗewar kada ya fita daga abin da ka tara, na sa an kai akuyar nan mai cin shanya kasuwa, dama ta ishe ni. Ka tsaya a wurin da kanka, ya nuna maka cikin da yatsa.

In ya ce lafiya lau ne, a yi masa cikakken gyara, ka ba shi sati ukunsa har da ƙari in ya nema, ka aika wa manoman su yi maka haƙuri. In kuwa ya ce ya tsage, ko ya tsaya yana sosa ƙeya, kada ka yarda a liƙe a ce Allah zai kiyaye. Kada kuma ka dawo gida ka tambaye ni, don na san kaina, zan ce a gwada. Ka kira masu sayen tsohon ƙarfe a nan garejin su auna shi su tafi da shi, ka haɗa kuɗin da na hannunka ku je layin masu injuna. Ko ƙusa ɗaya kada ka kawo mini don tunawa.

Na daɗe ina tunanin ranar nan a bakin rafi. Babanka ya fi kowa sanin abin da ruwan sanyi yake yi wa ƙarfe mai zafi, shekara nawa yana hana yaran mota. Yana sane ya zuba, don akwai mutane a bayansa. Bai tausaya wa injin ba. Ni ce na zo daga baya na lulluɓe shi, har na kusa ɗora ɗansa a kai in tura shi daji ban faɗa masa gaskiya ba. Ka yafe mini, Bappa.

In ka isa can, ka riƙa duba ruwa da baƙin mai kowace safiya kafin ka karya. Kada ka yi lodin da ya fi ƙarfin mota don kunyar mai kaya. In mutanen gari suka ce yau ba a bin hanya kaza, kada ka tambayi dalili, ka juya. Ka riƙe salla a kan lokacinta ko a gefen hanya ne, ka kuma riƙa leƙa Kawunka in ka shigo gari.

Tampol ɗin na cire shi yau da safe. Na wanke, na shanya, na ninke, yana kan jakarka. Har yanzu ba ya yoyo, zai rufe maka buhuna in ruwan ƙarshen damina ya tare ka a hanya. Kajin sun yi ta zagaye suna neman wurinsu, za su saba.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya, ya tsare ka da duk wanda zai hau bayanka. Allah ya yi maka zaɓin da ni na kasa yi maka. Ya jiƙan babanka, ya sa ruwan nan da aka zuba a hanya ya zama sanyi a kabarinsa. Amin.

Wassalamu alaikum.

Ni ce,
Dadarka